Kwas ɗin intanet kan hana rikicin ƙabilanci: ya cancanci a yi shi, amma ina da ƙorafi

Jama'a ga ra'ayina kan wannan kwas ɗin da ake yi ta intanet kan manufofin hana rikicin ƙabilanci, tunda mutane da yawa suna tambaya ko ya cancanci lokacin da za a ɓata masa. Amsa a taƙaice ita ce eh ya cancanta, musamman ga masu aikin sasanci, 'yan jarida, ma'aikatan gwamnati da ɗaliban siyasa, amma akwai wuraren da gaskiya ya gaza kuma zan faɗe su yanda na gansu.

Tsarinsa dai ba wani abu ne mai wahala ba. Lakca ce ta bidiyo gajeru gajeru, kowacce da takardun karatu, sai 'yar jarabawa a ƙarshen kowane sashe, sai guruf da ɗalibai ke tattaunawa, in ka kammala a baka satifiket. Duka da Turanci ake yi, akwai rubutun abin da malami ke faɗa a ƙasan bidiyon wanda yana taimakawa sosai in malamin ya cika sauri. Wannan ke nan game da tsari.

Abin da yasa nake yabonsa shine bai tsaya kan wa'azin zaman lafiya ba. Duk wanda ya saba halartar tarukan sasanci ya san yanda suke, a zo a ce mu so juna mu yi haƙuri da juna duk ɗaya muke, a ɗauki hoto a watse, bayan wata shida a sake jin an ƙone gidaje. Shi wannan kwas ɗin tun daga sashen farko ya miƙe kan maganar rabo, wa ke samu wa ba ya samu, kuma shin rashin samun ya bi layin ƙabila ko addini ko yanki. Sun ɗora shi ne kan aikin Frances Stewart, masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Oxford, wadda ta daɗe tana cewa tazarar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka a ɗaiɗaiku ba ita ce ke kawo yaƙi ba, wadda ke kawo shi ita ce tazarar da ke tsakanin rukuni da rukuni. Talaka shi kaɗai zai iya cewa ƙaddara ce ko rashin sa'a, amma ran da ya waiga ya ga duk masu yarensa haka suke, ba hanya ba asibiti ba aikin gwamnati, su kuma wancan ɓangaren komai nasu ne, to daga ranar ya daina ganin abun a matsayin ƙaddara, kuma duk ɗan siyasar da ya zo masa da maganar an zalunce mu zai same shi a shirye. Kuma sun yi adalci, sun kawo ɗaya ɓangaren na su Paul Collier da Anke Hoeffler da suka ce abin da ya fi tasiri shine damar yin tawayen, wato kuɗin ma'adinai da matasa marasa aikin yi da raunin gwamnati, ba ƙorafi ba. Sannan suka nuna binciken da su Lars-Erik Cederman suka yi daga baya da suka auna abun ƙabila ƙabila, suka gano ƙabilar da aka ware daga mulki ta fi saurin ɗaukar makami, ballantana wadda da tana ciki aka fitar da ita kwanan nan. Wani abu da ya tsaya mun a rai shine ba matalautan ƙabilu kaɗai ke tayarwa ba, har waɗanda suka fi kowa arziki suna yi in suna ganin ana kwashe nasu ana kaiwa wasu. Wannan ba kowa ke faɗarsa ba.

Sashen da ya fi kowanne daɗi a wurina shine na kwatanta Malesiya da Sri Lanka, kuma nan zan ɗan daɗe don shine zuciyar kwas ɗin. A ranar 13 ga Mayu 1969 rikici ya ɓarke a Kuala Lumpur bayan zaɓe tsakanin Malayawa da 'yan asalin Sin, alƙaluman gwamnati sun ce mutum 196 suka mutu. Malayawa su ne mafi yawa kuma mulki na hannunsu amma su ne manoman karkara matalauta, kasuwanci kuma yana hannun 'yan asalin Sin da Turawa. A 1971 gwamnati ta fito da sabuwar manufar tattalin arziki mai ƙafa biyu, a rage talauci ba tare da duba ƙabila ba, sannan a sake fasalin tattalin arziki ta yanda sana'ar mutum ba za ta zama ita ce tambarin ƙabilarsa ba. Suka sa burin cewa nan da 1990 kashi 30 cikin ɗari na hannun jarin kamfanoni ya zama na 'yan ƙasa na asali, wato Malayawa da sauran ƙabilun asalin ƙasar, alhali a 1970 bai kai kashi 3 ba. Ba su kai 30 ɗin ba, sun tsaya wajen kashi 20, amma talauci ya sauko daga kusan rabin gidaje zuwa ƙasa da kashi 20, kuma ba a sake ganin irin na 1969 ba. Ita kuwa Sri Lanka, niyyar kusan iri ɗaya ce, 'yan Sinhala masu rinjaye suna ganin Tamil sun fi su yawa a aikin gwamnati da jami'a tun zamanin Turawan Ingila. A 1956 aka yi dokar mayar da Sinhala shi kaɗai yaren gwamnati, a farkon shekarun 1970 kuma aka canja tsarin shiga jami'a ta yanda ɗan Tamil sai ya ci maki fiye da ɗan Sinhala kafin ya samu gurbi ɗaya. Ƙarshenta yaƙi ne daga 1983 har 2009. To me ya bambanta su? Bayanin kwas ɗin shine a Malesiya tattalin arziki yana girma sosai, don haka ana ƙara wa wani ba tare da an ƙwace na hannun wani kai tsaye ba, kuma jam'iyyun 'yan Sin da na 'yan Indiya suna cikin ƙawancen da ke mulki ko da kuwa ƙananan abokai ne. A Sri Lanka kuwa an rage wa Tamil a aiki, an rage musu a ilimi, an taɓa yarensu, kuma ba su da ta cewa a mulki, duka a lokaci guda, ba a bar musu ƙofa ko ɗaya ba. Ni dai na gamsu da wannan bayanin, don ya nuna gyaran rashin adalci ma in aka yi shi da garaje yana iya zama sabon zalunci.

Sai Ireland ta Arewa, wanda da yawanmu mun san yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 kawai amma ba mu san aikin da aka yi shekara da shekaru kafin ita ba. Ƙorafin Katolika a ƙarshen shekarun 1960 kan gidaje ne da aikin yi da ƙuri'a, rashin aikin yi a cikin mazansu ya ninka na Furotesta fiye da sau biyu. A 1971 aka ƙwace rabon gidajen gwamnati daga hannun ƙananan hukumomi aka ba hukuma guda ɗaya mai bin ƙa'ida, a 1976 aka yi dokar adalci wajen ɗaukar aiki amma ba ta da haƙori, sai a 1989 aka yi wadda ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su dinga ƙirga ma'aikatansu suna kai rahoto duk shekara. A kwas ɗin har fom ɗin suka nuna mana a allo, 'yar takarda ce shafi ɗaya, mai neman aiki zai yi alama ko daga al'ummar Furotesta yake ko Katolika ko babu ko ɗaya, kuma ana cire ta daban kar mai tantancewa ya gani. Wallahi ganin wannan 'yar takardar ya fi mun dogon jawabi, don ta nuna manufa ba magana ba ce, aiki ne na ofis da wani zai zauna ya yi kullum. Haka ma 'yan sanda, da Katolika ba su wuce kashi 8 ba a tsohuwar rundunar, daga 2001 aka koma ɗaukar rabi da rabi, zuwa 2011 sun kai kusan kashi 30 sai aka dakatar da tsarin. Ku lura da wannan, an sa masa buri, da aka kai aka tsaya.

Sun taɓo Kot Dibuwa ma, yanda bayan rasuwar shugaban ƙasar Houphouët-Boigny a 1993 aka shigo da maganar wane ne cikakken ɗan ƙasa, aka hana Alassane Ouattara, ɗan siyasa mai tushe a arewacin ƙasar, takara, 'yan arewacin ƙasar da dama can suna bayan kudu a ci gaba suka ga har a siyasa an rufe musu ƙofa, a Satumban 2002 tawaye ya raba ƙasar biyu. Sai Kenya bayan rikicin zaɓen 2007 da ya ci rai sama da 1,000, inda tsarin mulkin 2010 ya raba iko zuwa gundumomi 47 ya kuma ware asusu na musamman, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shiga, don yankunan da aka bari a baya, ga kuma dokar 2008 da ta hana ma'aikatar gwamnati ta cika fiye da kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatanta da ƙabila ɗaya. Da Aceh a Indonesiya inda sulhun 2005 ya bar wa yankin kashi 70 na kuɗin mai da gas ɗinsa. Da tsarin daidaiton wakilci na Najeriya da ya shiga tsarin mulki a 1979. Waɗannan an bi ta kansu da sauri, ba laifi.

Akwai wani aiki da ake bayarwa a tsakiyar kwas ɗin da ba zan manta ba. An ƙirƙiro wata ƙasa mai ƙabilu uku aka bamu tebur, yawan kowacce, kasonta a manyan hafsoshin soja, a manyan sakatarori, yaran da ke gama sakandare, yaran da ke mutuwa kafin shekara biyar, sai aka ce kai ne ministan tsare-tsare, ga kasafi ba ya isa, ka tsara abin da za ka yi a shekara biyar. Kowa ya fara da sauƙi, a gina makarantu a yankin da ke baya. Sai a zagaye na biyu a turo maka saƙo cewa jam'iyyar ƙabilar da ke gaba ta ce ana hukunta 'ya'yanta don sun yi karatu, kuma hafsoshin soja suna gunaguni. A guruf ɗin muhawara ta yi zafi har sai da mai kula ya shiga tsakani, ƙasar da ma babu ita a duniya amma mutane sun ɗau ɓangare, wani yana cewa cancanta kawai, wata tana mayar masa da cewa yaron da bai taɓa ganin malamin lissafi ba da me zai nuna cancantar. A nan na gane dalilin da yasa suka raba manufofin gida uku, masu zuwa kai tsaye kamar ware kaso a aiki da makaranta, da masu zagayowa kamar dokar hana wariya da zuba kuɗi a yankin da ke baya da haraji mai bin ƙarfin mutum, da masu haɗa kai kamar makarantun haɗaka da tilasta jam'iyya ta samu ƙuri'a a yankuna da yawa. Na kai tsaye suna da saurin aiki amma suna tsokano fushi suna kuma ƙara kaurin layin ƙabila, masu zagayowa ba su da hayaniya amma suna jan lokaci, shi kuma mai jin an zalunce shi ba lallai ya jira ba.

To yanzu ƙorafina, kuma ba ƙarami ba ne.

Na farko, duk ginin kwas ɗin ya tsaya ne kan ƙirga, a auna tazara a sa buri a bibiya, amma sun yi kamar samun alƙaluman abu ne mai sauƙi. Alhali a wurare da yawa ƙirgar ita kanta ce fitinar. Labanon rabonta da ƙidayar jama'a tun 1932 saboda tsoron abin da adadin zai yi wa rabon muƙamai tsakanin addinai. Ƙidayar Najeriya ta 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. Ruwanda bayan kisan ƙare dangi na 1994 ta cire ƙabila daga katin shaida, kuma duk wanda ya san abin da katin ya jawo a shingayen hanya ba zai ga laifinsu ba. Faransa ma dokarta ta taƙaita tattara irin waɗannan bayanan. To mai aiki a irin waɗannan ƙasashen ya zai yi? Minti kaɗan suka ba wannan, suka ce a yi amfani da yanki a madadin ƙabila, shikenan. Amma yanki ba ya nuna komai a babban birni inda kowa ke cakuɗe, kuma a birane ake yawan yanka juna. Wannan ya kamata ya zama sashe guda mai zaman kansa, da yanda za a tattara bayanan a kuma kare su kar su faɗa hannun mai mugun nufi, don rajistar da aka yi don a taimaki mutane ita ce dai za a iya ɗauka a bi su gida gida.

Na biyu, maganar wa ke cin moriyar. Sun ambata cewa a Malesiya da Afirka ta Kudu an yi ta ƙorafin manya masu alaƙa da jam'iyya ne suka kwashe hannun jari da kwangila da sunan ƙabilarsu, talakan da aka yi dokar dominsa yana nan inda yake, amma suka wuce kamar ƙaramin lahani ne. A ganina wannan shine babban abin da ke kashe irin waɗannan manufofin. In aka ba ƙabila kujerar minista aka ce an yi adalci, alhali ƙauyukansu ba ruwa ba likita, to an sayi shirun manyansu ne kawai na ɗan lokaci, kuma ran da aka cire ministan shi ne zai fara kiran matasa. Indiya ta yi ƙoƙari a nan, kotun ƙolinta a 1992 ta ce a cire masu hali daga cikin kason kashi 27 da aka ware wa rukunan da ke baya, kuma ko layi ɗaya ban ji a kwas ɗin ba a kan haka. Abin ya bani mamaki sosai.

Sannan rabon mulki da aka rubuta a tsarin mulki, sun yaba shi fiye da kima. Gaskiya ne Burundi bayan yarjejeniyar Arusha ta 2000 ta raba majalisa da gwamnati 60 ga Hutu 40 ga Tutsi, soja kuma rabi da rabi, har aka wajabta wa jam'iyyu su cakuɗa ƙabilu a jerin 'yan takara, kuma hakan ya rage zafin ƙabilanci ƙwarai, amma bai hana rikicin 2015 ba kan tazarcen shugaban ƙasa. A Bosniya kuwa yarjejeniyar Dayton ta 1995 ta tsayar da yaƙi amma ta kulle shugabancin ƙasa ga ƙabilu uku, har kotun kare haƙƙin ɗan adam ta Turai ta yanke hukunci a 2009 cewa an tauye wani Bayahude da wani ɗan ƙabilar Roma da ba su da ikon tsayawa takarar shugabancin ƙasarsu. Ƙananan ƙabilun da ba su ɗau bindiga ba su ake mantawa a teburin sulhu, kuma wannan darasi ne mai haɗari ga duk wanda ke kallo. Ɗalibi ne ya tayar da maganar Bosniya a guruf, ba malami ba.

Akwai kuma abubuwan da kusan babu su gaba ɗaya. Filaye, wanda duk wanda ya bibiyi rikicin ƙabilanci ya san rabinsa kan gona ne da wurin kiwo da wa ya riga wa zuwa, an ba shi bidiyo ɗaya tal. Halin jami'an tsaro a awannin farko na rikici, da jita-jitar da ke yawo a Facebook da WhatsApp kafin a fara, ba su shiga ba. Na yarda kwas ɗin kan rigakafi ne na dogon zango kuma rigakafi ya fi magani, amma manufar da za ta ɗauki shekara ashirin tana buƙatar abin da zai riƙe gari a daren da labarin ƙarya ya bazu, in ba haka ba ba za ta kai shekara ashirin ɗin ba.

Ta fannin aiki da shi kuma, bidiyon suna cin data sosai kuma ba a iya sauke su a kalla daga baya, wanda ga mai fama da netwok matsala ce babba, gashi mutanen da suka fi buƙatar ilimin su ne a wuraren da netwok ɗin ba shi da ƙarfi. Wasu takardun karatun an kulle su sai mai rajistar laburaren jami'a. Jarabawar ƙarshen sashe ta cika sauƙi, kana iya ci ba tare da ka fahimci komai ba, don haka satifiket ɗin shi kaɗai ba ya nuna mutum ya iya. Masu kula da guruf ɗin dai sun yi ƙoƙari, suna amsa tambaya cikin mutunci, kuma duk sanda wani ya fara zagin wata ƙabila suna cire rubutun su yi masa magana a gefe, na ji daɗin wannan don batun mai taɓa zuciya ne kuma akwai ɗaliban da su kansu sun rasa 'yan uwa a irin wannan tashin hankalin.

Wanda zai yi shi, shawarata ya yi da kwamfuta ba waya ba saboda teburan ba sa fitowa da kyau a ƙaramin allo, kar ya tsallake aikin ministan tsare-tsaren nan ko da ba dole ba ne, kuma ya nemo ƙarin karatu da kansa kan filaye da kan yanda manya ke cinye kason talakawansu. Masu shirya shi kuma in wannan ya isa gare su, don Allah a ƙara sashe kan tattara alƙaluma a inda gwamnati ba ta ƙirga ƙabila, a bada damar sauke bidiyon, a kuma fassara shi zuwa wasu harsunan ko da rubutun ƙasan ne kawai.